Ƙanƙara da Tashoshin Sola: Daga Teksas zuwa Challawa

A watan Mayun 2019 aka yi ruwan ƙanƙara a gundumar Pecos da ke yammacin jihar Teksas ta Amurka, ya sauka a kan tashar wutar sola ta Midway. Ko da hadarin ya wuce, faranti kusan 400,000 sun lalace, asarar kuwa ta kai wajen dala miliyan 70. Kafin ranar, masu wannan harka sun fi jin tsoron guguwa da ambaliya, ƙanƙara ba ta cikin lissafi sosai.

Ba wai ba a gwada farantan ba ne. Ƙa'idar IEC 61215 ta tanadi a harba musu dunƙulen ƙanƙara mai faɗin milimita 25 da gudun mita 23 a daƙiƙa, wanda ya jure ya samu takardar shaida. Amma ta Teksas takan ninka wannan girma, har ta wuce. Ga shi kuma a shekarun nan masana'antu suna ta ƙara wa faranti faɗi suna rage wa gilashinsa kauri, daga milimita 3.2 zuwa 2, don ya yi sauƙin kuɗi. Araha dai ba ta ado.

Kamfanonin inshora ne suka tilasta gyara, ba injiniyoyi ba. Sun tsawwala kuɗi, suka kuma ƙayyade abin da za su biya idan ƙanƙara ce ta yi ɓarna. Daga nan aka koma kan na'urar da ke juya farantan suna bin rana. Aka haɗa ta da hasashen yanayi, ta yadda da an hango hadari sai ta karkatar da su zuwa digiri 60, daga baya har 75, ƙanƙarar ta riƙa gogar su tana zamewa maimakon ta faɗo musu a tsaye. Duk da haka an sake yin ɓarna a Scottsbluff ta jihar Nebraska a Yunin 2023, da tashar Fighting Jays kusa da Houston a Maris na 2024.

A ƙasar Hausa ƙurar hunturu ce ta fi damun masu sola. Sai dai ƙanƙara ma takan biyo hadarin farkon damina, kuma manyan tashoshi sun fara zuwa: ta Malbaza a Nijar mai megawat 7 a 2018, da ta Challawa a Kano mai megawat 10, wadda Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2023.