Daga Rale Zuwa Keke Mai Giya

'Yan uwana mata, kafin acaɓa ya cika hanyar Gwarzo zuwa Kabo, keke ne dokin talaka. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, manomi ya fara riƙe kuɗi, kuma a hankali Rale, wanda a wancan lokaci ake ƙerawa a Nottingham ta Ingila, ya zama burin duk wanda ya sayar da amfanin gona. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya shigo da sauƙin kuɗi. Yawancin waɗannan kekuna giyarsu ɗaya ce, kacarsu a rufe, shi ya sa uba kan hau har ya bar wa ɗansa.

Wannan mai faɗin taya da yaranmu ke kuka a saya musu, asalinsa Kalifoniya ta Amurka. A shekarun 1970 matasa suka ƙirƙiro shi don hawan duwatsu. A 1984 kamfanin Shimano na Japan ya fito da giyar da ake dannawa ta ce ƙas, kaca ta koma haƙori na gaba. Yau ga su nan na gwanjo a kasuwanninmu.

To amma fa kacarsa a waje take, ga ƙurar hunturu, ga taɓon damina. Uwa ta kwashe adashinta ta saya wa yaro don zuwa makaranta, wata uku giya ta rikice, sai a cire ta a jefar.

Ki koya wa ɗanki abu huɗu. Kada ya canza giya sai yana taka feda, kuma a hankali. Kada ya kwantar da keke ta hannun dama, ƙarfen da ke riƙe giyar ne zai lanƙwashe. Ya wanke kaca da kananzir, ya ɗiga man keken ɗinkinki, ban da baƙin mai, don yashi yake kamawa. In giya ta fara tsalle, waya ce ta saki, mai gyara zai ja ta. In kaca na faɗuwa, a duba ƙananan kusoshi biyu masu alamar H da L.

Iyayenmu sun riƙe Rale shekara da shekaru saboda tattali. Allah ya sa 'ya'yanmu su gaje su, amin.