Fasto a Cikin Fursunoni: Kafuwar Sidni, 1788

Da Birtaniya ta rasa mulkin Amurka a 1783, sai ta rasa inda za ta riƙa kai fursunoninta, gidajen yarin Ingila suka cika maƙil. Don haka ranar 13 ga Mayu 1787 jiragen ruwa 11 suka tashi daga Ingila ƙarƙashin Kyaftin Arthur Phillip, ɗauke da fursunoni fiye da 700. Ranar 26 ga Janairu 1788 suka kafa zango a gaɓar Ostareliya, inda birnin Sidni yake yanzu, a ƙasar da ke da masu ita tun kaka da kakanni.

Fasto ɗaya tak ya bi su, Richard Johnson. A gindin itace ya yi sujadar farko. Ayari na biyu ya iso a 1790 bayan kusan rubu'in fursunoninsa sun mutu a hanya. Johnson ya sauka cikin ɗaya daga jiragen, duk da wari da cuta, ya duba marasa lafiya. Hukuma ta yi ta jan ƙafa kan gina majami'a, har ya gina da kuɗin aljihunsa a 1793.

Mu lura, hukumar da ta ɗaure mutanen nan ita ce ta naɗa shi, amma bai jira ta ba kafin ya yi kiwon garkensa. Mu fa, yaushe rabonmu da gidan yarin garinmu?