Asalin Nacurofati, Da Abin Da Mai Ciwo Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Shiga

 Duk mai bin hanya daga nan zuwa Dugbe ko Bodija ba zai rasa ganin allunan nan da suka yi yawa ba, na ɗakunan magani masu cewa suna warkar da hawan jini da ciwon suga da rashin haihuwa ba tare da ƙwayar asibiti ba. Sunan da suke kiran sana'ar tasu shi ne nacurofati. Mutanenmu sun fara zuwa, musamman dattawa da mata, kuma yawanci a zatonsu maganin gargajiya ne aka sa wa farar riga. Wani ma ya ce da ni ai maganin Musulunci ne, tunda ya ga ana ba da zuma da habbatus sauda. Ba ko ɗaya. Abin nan a Turai aka haife shi, a Amurka aka raɗa masa suna, kuma sunan bai kai shekara 150 ba.

Abin da ya sa na bi diddiginsa shi ne wani maƙwabcina a rumfa, mai ciwon suga, wanda ya je irin wannan wuri aka ce ya ajiye ƙwayoyinsa ya koma shan ruwan ganye. Zan dawo kansa. Bari mu fara daga tushe.

A wajen shekarar 1816, a wani ƙauye da ake kira Grafenbag, wanda yanzu yake cikin ƙasar Cek, keken doki ya taka wani saurayi ɗan manomi mai suna Vincenz Priessnitz ya karya masa haƙarƙari. Likita ya duba ya ce ba zai miƙe ba. Yaro ya riƙa jiƙa tsumma da ruwan sanyi yana ɗaure ƙirjinsa, da kwana ya ƙi ƙarewa sai ya warke. Shi ke nan fa, ya ce ruwa ne magani. Ya mai da gidan ubansa wurin jinya, yana sa mutane wanka da ruwan sanyi, su sha ruwa da yawa, su ci abinci mara maiƙo, su hau dutse da ƙafa, har su faskare itace. Likitoci suka kai shi kotu, amma jama'a ba su fasa zuwa ba, har ya zama a shekara guda yakan karɓi sama da mutum 1,000, da sarakuna da attajirai.

Kada mu yi saurin cewa mutanen nan ba su da hankali. Sai an duba yadda aikin likita yake a wancan zamani. Likitan Turai na lokacin babban aikinsa tsaga jijiya ya zubar da jini, ko ya ba da maganin da aka haɗa da zaiba, wanda ke zubar da haƙora. Shugaban Amurka na farko, George Washington, da ya kwanta ciwon maƙogwaro a 1799, jini aka yi ta zubar masa sau da yawa a yini guda har rai ya yi halinsa. To, a irin wannan hali, wanda ya ce maka sha ruwa, ka huta, ka shaƙi iska, ko bai warkar da kai ba ai bai ƙara maka ciwo ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka warke a hannun Priessnitz, hutun da suka samu daga hannun likitoci ne ya warkar da su.

Bayansa aka yi wani limamin Kirista a ƙasar Jamus, Sebastian Kneipp, ɗan masaƙi, an haife shi a 1821. Yana ɗalibi ciwon huhu ya kama shi, sai a 1849 ya riƙa zuwa kogin Danub da tsakiyar hunturu yana faɗawa na ɗan lokaci ya fito. Ya samu sauƙi. Da aka tura shi garin Worishofen sai ya haɗa aikin coci da jinya, ya ƙara ganyayyaki da tafiya ba takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Littafinsa kan jinya da ruwa ya fito a 1886, aka fassara shi cikin harsuna da yawa. Ya rasu a 1897.

Wanda ya ɗauki abin ya kai Amurka almajirinsa ne, Benedict Lust, Bajamushe da aka haifa a 1872. Ya tafi Amurka neman abinci a 1892, kamar dai yadda iyayenmu suka sauko Kurmi, sai tarin tibi ya kama shi. Ya koma gida wurin Kneipp, ya ji dama, ya dawo birnin Niyok a 1896 da niyyar yaɗa hanyar malaminsa. Ita kalmar nacurofati wani ne mai suna John Scheel ya ƙirƙiro ta a 1895, Lust kuwa ya saye ta daga hannunsa a 1901. Ni ɗan kasuwa wannan ya ba ni dariya, watau tun ranar farko sunan ma haja ne. Ya buɗe makaranta da kantin abinci da mujalla, ya zuba duk abin da ba ƙwaya ba ne ba kuma wuƙa ba a cikin buhu ɗaya: ruwa, rana, tausa, azumin abinci, ganye, barin taba da giya. Tushen koyarwarsu shi ne jiki yana da ƙarfin da zai warkar da kansa, aikin mai jinya kawai ya kawar da abin da ya tare masa hanya. Hukumar Niyok ta kama Lust ya fi sau goma saboda yin aikin likita ba lasin.

Akwai wani ɓangare na koyarwarsa da masu alluna ba sa faɗa. Lust ya yi gaba da allurar rigakafi, kuma magabatan wannan hanya ba su ɗauki ƙwayoyin cuta a matsayin tushen ciwo ba. Mu da muke da tabon lamba a dantse mun san amsar wannan. Rigakafi ne ya kori agana daga duniya, aka yi shelar ƙarewarta a 1980, ba wankan ruwan sanyi ba.

Kasuwar nacurofati ta ci sosai a Amurka har wajen 1930, daga nan ta fara faɗuwa. Tun 1910 wani Abraham Flexner ya zagaya makarantun likita 155 na Amurka da Kanada ya rubuta rahoto, aka rufe marasa inganci da yawa, aka ɗora karatun likita a kan gwaji da bincike. A 1922 aka fara yi wa masu ciwon suga allurar insulin a Toronto. Fanisilin ya wadata a lokacin yaƙin Hitila, maganin tibi na farko ya biyo baya. Ciwon da ya kori Lust zuwa Jamus yanzu ƙwayar wata shida ke kashe shi, kuma a nan Nijeriya kyauta ake ba da ita a asibitocin gwamnati. Lust ya mutu a 1945, mabiyansa suka rarrabu. A 1968 ma'aikatar lafiya ta Amurka ta ba da rahoto cewa karatunsu bai ginu a kan ilimin likita ba. Sai a shekarun 1970 abin ya sake farfaɗowa, aka buɗe makarantar Bastyr a Siyatil a 1978. A Indiya kuwa Gandhi ne ya riƙe abin da hannu biyu, har ya kafa wurin jinya a ƙauyen Uruli Kanchan a 1946.

Wannan tarihi shi ya bar sana'ar a rabe har gobe. A Amurka akwai masu karatun shekara huɗu su ci jarrabawa, akwai kuma masu samun takarda ta gidan waya ko ta intanet cikin 'yan watanni, kuma duka biyun "dokta" suke kiran kansu. Wasu jihohi suna ba da lasin, wasu ba ruwansu, jihohin Tenesi da Karolina ta Kudu kuwa sun haramta aikin gaba ɗaya. A nan gida, dokar soja mai lamba 78 ta 1992 ta sa nacurofati a ƙarƙashin majalisar da ke yi wa likitoci rajista. Saboda haka tambaya ta farko ga duk wanda ka shiga wurinsa ita ce ina ya yi karatu, shekara nawa, kuma wace hukuma ta yi masa rajista. Ba rashin kunya ba ne. Tun kafuwar Sabo a 1916 ba mu rasa wanzamai da masu ɗori da masu saiwa ba, amma wanzamin da zai yi maka ƙaho ka san ubansa, ka san gidansu, in ya yi ɓarna akwai gaban Sarki. Mai allo kuwa in ya tashi da dare, ko ƙurarsa ba za ka gani ba.

Ban ce babu alheri a cikin abin ba. Wanda ya zaunar da kai awa guda ya tambaye ka me kake ci, yaya barcinka, ya ce ka rage gishiri da maggi da lemon kwalba, ka riƙa tafiya da ƙafa, ya yi maka abin da likitan da layi ya yi wa yawa ba ya samun sukunin yi. Kuma itatuwa suna da magani, ba mai musu. Kwinin daga ɓawon itace aka samo shi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yanzu, wata 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita ta fitar da shi a 1972 daga ɗanyen ganye dangin tazargade. Sai dai waɗannan an auna su, an san awon da ke warkarwa da awon da ke kisa.

Inda ba a auna ba, ga abin da kan faru. A farkon shekarun 1990, a wani ɗakin rage ƙiba a Burasal ta ƙasar Beljiyam, an ba mata haɗin ganye da aka yi kuskuren sa wata saiwa a ciki, sama da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda. Saiwar ce ta yi ɓarnar, ba ƙwayar Bature ba. Wani ganyen kuma shi kaɗai ba ya cutarwa, amma in ya haɗu da maganin asibiti sai ya karya masa ƙarfi ko ya ninka shi. Don haka duk abin da aka ba ka, ko agbo ne na maƙwabtanmu Yarabawa, ka ɗauki kwalbar ka nuna wa likitanka, shi ma mai ganyen ka nuna masa ƙwayoyinka. Ka duba lambar NAFDAC. In ka ga harafin L a ƙarshenta, ma'anarsa an duba ba a ga cutarwa ba, ba wai an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta a jiki ba. Na'urar nan kuma da ake ba ka ƙarfe ka riƙe, kwamfuta ta lissafo maka cuta goma cikin minti biyu ba a ɗebi jini ba, sannan a ce maganin duka goman yana nan kan kanta, wannan cinikin biri a sama ne.

Babban haɗari dai shi ne a ce ka bar maganin asibiti. Masu bincike a jami'ar Yale sun bi bayan masu ciwon daji 281 da suka zaɓi irin wannan jinya ita kaɗai, suka gwada su da 560 da suka bi asibiti. Sakamakon da suka buga a 2018 ya nuna haɗarin mutuwar na farkon ya ninka sau biyu da rabi, a ciwon dajin nono kuwa ya haura sau biyar. Shi kansa Steve Jobs, mai kamfanin Apple, da aka gano masa ciwon daji a 2003 wata tara ya yi yana gwada abinci da ruwan 'ya'yan itace kafin ya yarda a yi masa aiki, kuma daga baya ya nuna nadama.

Maƙwabcin nan nawa mako bakwai ya yi ba ƙwaya. Makon farko yana ta yabo, wai jikinsa ya yi sakayau. Daga nan sai ƙishirwa, sai fitsari ba ƙaƙƙautawa, sai wani ɗan ƙurji a yatsan ƙafa da ya ƙi warkewa. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a rumfa mu muka ɗauke shi zuwa asibiti. Ya rasa yatsu biyu, kuɗin da ya kashe a wajen mai ganye kuwa ya fi na ƙwayar shekara guda. Yanzu ya dawo kasuwa, ya koma kan ƙwayarsa, yana auna sugansa duk safiya. Abu ɗaya ya riƙe daga wancan wurin, ya daina shan lemon kwalba, kuma kullum bayan la'asar yakan taka da ƙafa zuwa Mokola ya dawo.