Yadda alƙalamin feshi ya sauya teburin masu haɗa ƙananan jirage

Jama'a, ɗan alƙalamin feshin fentin nan da masu haɗa ƙananan jirage da motoci na roba ke ji da shi, asalinsa ba don su aka yi shi ba. A 1879 Abner Peeler na jihar Iowa a Amurka ya ƙera shi, Liberty Walkup ya sayi haƙƙinsa ya kai shi kasuwa. Lokacin, gyaran hotuna ne babban aikinsa.

A 1936 FROG na Ingila ya fitar da jiragen roba masu ma'aunin 1:72, Airfix ya biyo da Spitfire a 1953. Burushi kan bar layi-layi a jikin ɗan jirgi, feshi kuwa sumul yake kwanciya, sai masu aikin suka rungume shi.

Amma fa feshi ya zo da nasa: ƙurar fenti da tururin tina suna shiga huhu. Shi ya sa yanzu tebur bai cika ba sai da kwamfuresa, akwatin feshi mai fanka da ke fitar da iska ta taga, da takunkumi mai tace tururi. Tanadi waɗannan tukuna kafin ka buɗe gwangwanin fenti.