Fasahar Zayyanar Littattafan Rubutun Hannu a Zamanin Da

Gabatarwa

Kafin a ƙago injin ɗab'i, yawancin littattafai da hannu ake rubuta su, shafi bayan shafi. Daga cikin irin waɗannan littattafai akwai waɗanda aka ƙawata da zinariya da azurfa da launuka masu haske, musamman littattafan addini. A wannan shafi za mu yi bayani a kan yadda aka gudanar da wannan aiki a Turai da ƙasashen Musulmi tsakanin shekara ta 500 da ta 1500 Miladiyya. Kalmar zayyana sananniya ce a wurinmu, domin duk wanda ya taɓa halartar saukar Alƙur'ani ya ga allon zayyana. Da ita za mu yi amfani a nan.

Amfanin zayyana

Dalili na farko shi ne girmama abin da aka rubuta. Na biyu kuwa shi ne yi wa mai karatu jagora. Yawancin littattafan wancan zamani ba su da lambar shafi, don haka babban harafi mai ado shi ke nuna farkon babi, jan rubutu kuma ya nuna kan magana. Mai karatu yakan gane inda ya tsaya da ganin zanen da ke gefen shafi. Har ila yau, littafi mai zayyana dukiya ce da sarakuna da attajirai ke bayarwa kyauta ko su bar wa magada.

Fata da alƙalami da tawada

A Turai a kan fatar maraƙi ko ta tunkiya ko ta akuya ake rubutu. Ba a jeme ta kamar yadda majemanmu ke yi da bagaruwa. Ana jiƙa ta ne cikin ruwan farar ƙasa mai ci har gashi ya saki, a ɗaure ta a jikin katako ta miƙe sosai, a kankare ta da wuƙa mai siffar jinjirin wata, sannan a goge ta da dutse mai kaushi da alli. Aikin yana cin dabbobi masu yawa. Wani Baibul da aka rubuta a arewacin Ingila wajen shekara ta 700, wanda ke ajiye a birnin Fulorans na Italiya, ya ci fatun maruƙa fiye da 500, nauyinsa kuma ya kai kilo 34.

Alƙalaminsu gashin fiffiken dinya ne da ake fiƙewa. Baƙar tawada kuwa ana haɗa ta da wani ƙullutu da ke fitowa a jikin itacen oak, da gishirin ƙarfe, da ƙaro. Marubuci shi ke fara aiki: ya ja layuka, ya rubuta matani, ya bar gurbin ado. Bayan ya gama sai shafin ya koma hannun mai zayyana.

Zinariya da launuka

Zinariya ake fara sakawa kafin launi, domin gugarta na iya ɓata fenti. Maƙera kan buge tsabar zinariya guda har ta ba da falle ɗari ko fiye, kowanne ya fi fatar albasa rashin kauri. Mai zayyana yakan shafa wani kwaɓi na alli da danƙo a gurbin, ya hura masa numfashi ya ɗan yi laima, ya ɗora fallen, sannan ya goge da dutse mai santsi ko haƙorin kare har ya riƙa walƙiya. A shekara ta 1252 biranen Fulorans da Jenowa suka fara buga kuɗin zinariya, kuma kaso mai yawa na zinariyar da ke shiga Turai a wancan lokaci daga Afirka ta Yamma fatake ke ƙetare Sahara da ita.

Ja ana samun sa daga dalma da aka ƙona. Kore kuwa tsatsar tagulla ce da aka turara da ruwan tsami. Akwai shuɗi mai araha daga wani tsiro ɗan'uwan baba, akwai kuma mai tsada daga dutsen lazurdi da ake haƙowa a Badakshan ta ƙasar Afganistan, wanda a wasu lokuta farashinsa ke gogayya da na zinariya. Ana dama garin launi da farin ƙwai ko ƙaro domin ya kama fata. A shekara ta 2019 masana suka bayyana cewa sun sami ɓurɓushin lazurdi a haƙoran wata mata da aka binne a Dalheim ta ƙasar Jamus kimanin shekaru 900 da suka wuce. Ana kyautata zaton tana lasar bakin burushinta ne yayin zane, abin da ke nuna cewa mata ma sun yi wannan sana'a.

Fitattun littattafai a Turai

Da farko ruhubanawa ne ke wannan aiki, wato malaman Kirista da suka ƙaurace wa duniya suka tare a gidajen ibada. Mafi shahara cikin ayyukansu shi ne Littafin Kells, wanda ya ƙunshi Linjila huɗu cikin Latin, aka kuma rubuta shi wajen shekara ta 800. Yana da falle 340, cike da zanen igiyoyi masu sarƙe da juna da dabbobi da tsuntsaye, wasu ƙanana ƙwarai har sai an sa madubin ƙara girma. Duk da ƙawarsa, babu zinariya a shafukansa, da ruwan ɗorawa aka wadatu. A shekara ta 1007 aka sace shi daga cocin Kells a ƙasar Ayalan, aka tsince shi bayan wata biyu da 'yan kwanaki a ƙarƙashin ƙasa, an ɓalle bangonsa mai zinariya. Yana ajiye a Kwalejin Trinity da ke Dablin.

Daga ƙarni na 13 sana'ar ta koma hannun masu shaguna a birane irin su Faris, attajirai suka riƙa sa a yi musu ƙananan littattafan addu'o'i. Wanda ya fi suna shi ne na Jean, basaraken Berry a Faransa, wanda 'yan'uwa uku 'yan gidan Limbourg suka zana. A cikinsa akwai hotunan watanni 12 na shekara, inda ake ganin manoma suna huɗa da shuka da girbi. Masu zanen da ubangidansu duk sun rasu a shekara ta 1416, aikin bai kammala ba sai daga baya. Bayan Gutenberg ya buga Baibul da inji wajen shekara ta 1455, sana'ar ta shiga ja da baya.

A ƙasashen Musulmi

Masu zayyanar Alƙur'ani ba su zana mutum ko dabba, sai suka zuba gwanintarsu a kan kyawun rubutu da zanen taurari da ganyaye. Akwai Shuɗin Alƙur'ani na ƙarni na 9 ko na 10, wanda aka rubuta da ruwan zinariya cikin rubutun Kufi a kan fatar da aka rina da baba, aka daɗe ana ajiye da shi a Ƙairawan ta Tunusiya. Akwai wanda Ibn al-Bawwab ya rubuta a kan takarda a Bagadaza a shekara ta 391 Hijira. Akwai kuma mai mujalladi 7 da aka yi wa Baibars al-Jashnagir a Alƙahira tsakanin 1304 da 1306, wanda ke Laburaren Birtaniya a Landan. Littattafan adabi da kimiyya kuwa sukan ɗauki hotuna, kamar Muƙamar Hariri da al-Wasiɗi ya zana a shekara ta 1237.

Alaƙa da namu rubutun

Ta hanyar Arewacin Afirka wannan fasaha ta iso Borno da ƙasar Hausa. Alarammominmu suna rubuta baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da ɗigon ruwan ɗorawa, su sa alamar aya da kumsa da kuri, su zana da'ira a gefe domin sumuni da rubu'i da nusufi da izu. Manyan zayyana kan zo a farkon Alƙur'ani da surorin A'arafi da Maryam da Sad. Wannan shi ne aikin jagoran da muka ambata a baya. Ba a ɗinke fallayen, ana haɗa su ne cikin tadarishi a sa a gafaka.

Kulawa da abin da muka gada

Littafin Kells ya rasa fallaye kusan 30, wani mai ɗinkin littafi kuma ya datse gefunansa har ya yanke wani sashe na adon. Namu ma suna fuskantar gara da ɗanshi da yoyon ɗaki da gobara. Muna kira ga masu irin waɗannan littattafai da su ajiye su nesa da ƙasa da jikin bango, su riƙa duba su kafin damina da bayanta, su guji liƙe yagaggen falle da salatif ko rufe shi da roba mai zafi. Kada a rarraba fallayen littafi guda wajen rabon gado. Hakimai da dagatai da jami'an ƙananan hukumomi za su taimaka ƙwarai idan suka san gidajen da ke da su, suka kuma haɗa masu su da wuraren adana irin su Gidan Arewa da ke Kaduna, da Gidan Tarihi na Jos, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, domin neman shawarar ƙwararru.