Tsohuwar Rikoda da Sabuwar Waƙa

Lokacin da Rediyon Kaduna ya fara watsa shiri a 1962, a zamanin Firimiya Ahmadu Bello ɗan Rabah, mai son jin Ɗanƙwairo ko Narambaɗa sai ya jira sa'ar da gidan rediyo ya ga dama. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ya kawar da jiran nan. Rikoda mai cin manyan batura ta shiga zaurukan Wurno da shagunan Goronyo, ana naɗar waƙa daga rediyo, in zare ya tsinke a liƙe shi, a juya da biro.

Da waƙa ta koma cikin memori da waya, kaset ya ɓace daga kasuwa, amma lasifikar rikodar na nan da ƙarfinta. Nan masu gyaran rediyo suka nuna gwaninta. Sai su huda gaban akwatin, su dasa ɗan allo mai ramin memori da Bluetooth, su jona wayoyinsa da dalma a wajen maɓallin ƙara murya, su ɗauko masa wuta daga ciki. Aiki ne mai kyau, domin ya ceci kayan da aka sha wahala kafin a saya.

Sai kuma dandalan jin waƙa ta intanet suka zo: Boomplay ya fara a Nijeriya a 2015, Spotify ya iso a 2021. Rikodar ba ta san intanet ba: waya ce ke jawo waƙar, ta miƙa mata. Inda sabis ke da rauni ko data ta yi tsada kuwa, har yau memori ake kai wa masu tura waƙa su cika.