Jakar Gana-Mas-Go Da Tarihin Korar Baƙi



Da wuya ka shiga gida a nan Kabara ka rasa jakar nan mai zanen ja da shuɗi da muke kira Gana-mas-go. Sunanta ya samo asali ne daga wata kora da Kano ke da hannu a cikin dalilanta.

A ranar 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai Hausawan zango, irin na Kumasi, da suka daɗe suna fataucin goro, wasunsu ma a can aka haife su. Kakana na cikinsu. Ya sayar da rumfarsa a wulaƙance, ya dawo Kano ba jari.

Bayan shekara 13 sai reshe ya juye da mujiya. Rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a 'Yan Awaki ya ci rayuka sama da 4,000, kuma jagoransa Muhammadu Marwa ɗan asalin Kamaru ne, wanda aka taɓa kora daga Kano a 1962. Daga nan aka fara yi wa kowane baƙo kallon abin zargi. Sai ga kuɗin man fetur ya faɗi, aiki ya yi ƙaranci, zaɓe kuma na tafe. A ranar 17 ga Janairu 1983, ministan cikin gida na gwamnatin Shagari, Ali Baba, ya ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Kimanin mutum miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana, sauran daga Nijar da Chadi da Kamaru da Togo da Benin.

Wa ya ɗauki nauyin? Ƙasashen da aka mayar musu da mutanen. Gana mai mutum kusan miliyan 12 ta karɓi kusan miliyan ɗaya a cikin 'yan makonni, a shekarar da fari da gobarar daji suka cinye amfanin gona. Kuɗin da 'ya'yanta ke aikowa gida ya tsaya, bakunan ciyarwa suka ƙaru. Irin wannan ne ke samun ƙananan ƙasashe kamar Jamaika da Haiti a yau, duk sanda Amurka ta cika jirgi ta mayar musu da mutanensu.

Ga mai neman abin rubutawa, ga shi a ƙofar gida. Tsofaffin da suka baro Kumasi a 1969 suna ƙarewa, labarinsu kuma bai shiga littattafanmu yadda ya kamata ba. Ku je ku zauna da su kafin ƙasa ta rufe musu ido.

Wanda wani nasa ya dawo daga Gana, ya ba mu labari a nan ƙasa. Allah Ya sa mu dace.